Raba Zango Ɗaya Tsakanin Masu Waya Da Yawa

Zangon rediyo dukiya ce mai iyaka, masu wayar salula kuwa kullum sai ƙaruwa suke yi. Saboda haka babbar tambayar da masana sadarwa suka daɗe suna fama da ita ita ce, ta yaya turke ɗaya zai biya bukatar jama'a da yawa ba tare da maganarsu ta cakuɗe ba?

Tsohuwar dabara ita ce a ware wa kowa rabonsa. Tsarin GSM, wanda aka fara aiki da shi a Finland a 1991, yakan raba kowace kafa gida takwas ta fuskar lokaci, watau kowace waya ta jira nata bi da bi. Tsarin LTE na 2009 kuwa ya yayyanka zangon ƙanana-ƙanana, kowa da nasa yanki. Amfanin wannan shi ne rashin hayaniya. Illarsa kuwa, in gurabe suka cika, sai na baya ya rasa wuri.

A 2013 masu bincike na kamfanin NTT DOCOMO na Japan suka gabatar da dabarar da ake kira NOMA, bisa tushen da Thomas Cover ya kafa tun 1972. A nan turke yakan haɗa saƙon mutum biyu ya aika a zango ɗaya, a lokaci ɗaya, amma da ƙarfi daban-daban. Wanda yake nesa akan ba saƙonsa ƙarfi mai yawa, sai wayarsa ta karanta shi kai tsaye, ta ɗauki raunanan saƙon ɗan'uwansa tamkar ƙaramar hayaniya. Wanda yake kusa kuwa, wayarsa takan fara karanta saƙon mai ƙarfi, ta cire shi, sa'an nan ta tsinci nata a ƙarƙashinsa.

Sai dai fa aikin ba ya rasa wahala. Wayar kusa tana bukatar ƙarin lissafi da ƙarin wuta, kuma in ta yi kuskure wajen cire saƙon farko, kuskuren zai shafi na biyu. Ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin sadarwa ta kammala nazarin NOMA a 2018, ba ta kuwa shigar da ita cikin ƙa'idar 5G a lokacin ba. Duk da haka masu binciken 6G sun sake waiwayarta, domin na'urorin da za su nemi gurbi nan gaba sun fi wayoyin mutane yawa.