Fotoniks: Ilimin Sarrafa Haske

Harshe kan yi baƙi kamar yadda gida ke yi, kuma baƙon da ba a san asalinsa ba da wuya a san inda za a shimfiɗa masa tabarma. Ɗaya daga cikin baƙin kalmomin da ɗaliban kimiyya ke cin karo da su ita ce fotoniks. Wasu kan ɗauka sana'ar ɗaukar hoto take nufi, wasu kuma su ce wani suna ne na sola. Duka biyun sun yi kusa, sai dai ma'anar ta fi haka faɗi.

Asalin kalmar

Tushenta yana cikin Girkanci, inda "fos" ke nufin haske. Daga wannan tushe kalmar hoto ta fito, wadda Hausa ta ara tun da daɗewa, haka nan fotosintesis, wato yadda ganyen gero ko dawa ke haɗa abinci da hasken rana. A 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske yana zuwa ne a ƙananan ƙwayoyi na makamashi, kuma sunan foton, wanda Gilbert Lewis ya kawo a 1926, shi ya bi waɗannan ƙwayoyi. To, kamar yadda ake kiran ilimin sarrafa ƙwayoyin lantarki cikin rediyo da talabijin ilaktironiks, haka aka gina fotoniks don ilimin sarrafa ƙwayoyin haske. Aikinsa kashi uku ne: samar da haske, isar da shi wani wuri, da karɓar sa a mayar da shi lantarki ko saƙo.

Misalai daga Sifawa

Garin Sifawa da ke ƙasar Boɗinga, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya isa misali. A da, almajiri kan yi karatun dare da wutar kara, daga baya aka samu aci-balbal da fitilar ƙwai. Yanzu kuwa, wanda ya bi hanyar Boɗinga zuwa Shagari da dare zai ga farin haske a teburin mai shayi, daga ƙananan ƙwayayen da ake kira el-i-di. Waɗannan ba sa ƙona komai; lantarki suke juyawa ya zama haske kai tsaye, shi ya sa batir ke daɗewa. Masana uku haifaffun Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin ƙwan da ake samo wannan farin haske daga gare shi.

Faifan sola kuwa akasin haka yake yi. Ƙwayoyin haske kan faɗa kan silikon, wanda ake tacewa daga ma'adinin da ke cikin yashi, su zaburar da ƙwayoyin lantarki su kama gudu cikin waya. An nuna faifai na farko mai amfani a Amurka a 1954, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana nazarin wannan fanni a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin lura a nan shi ne, haske faifan yake ci, ba zafi ba. Tsananin zafin bazara rage masa ƙarfi yake yi, ƙurar hunturu kuma takan tare hasken. Saboda haka mai cajin waya da ya san wannan, zai riƙa goge faifansa, ya kuma bar sarari a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa.

Sai batun isar da saƙo. Idan mutumin Sifawa ya kira ɗan'uwansa a Makka, muryar takan tashi daga waya zuwa turken sadarwa, amma mafi yawan tafiyar takan yi ta ne a matsayin ƙyaftawar haske cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai, da gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Charles Kao ne ya nuna yiwuwar haka a 1966, kuma a 2010 irin wannan zare na kamfanin MainOne ya haɗa Fotugal da Legas ta ƙarƙashin teku. Hatta ɗan abin da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa a asibiti, haske yake ratsa jini da shi don auna iskar oksijin, domin jinin da ya ƙoshi da iskar da wanda bai ƙoshi ba sun bambanta wajen shan jan haske.

Yadda ya kamata a yi amfani da ita

Akwai kalmomi biyu da ake rikita ta da su. Optiks shi ne tsohon ilimin gani da madubi da tabarau, wanda Ibn al-Haisam ya rubuta Kitab al-Manazir a kansa a Misira kimanin shekara 1,000 da suka wuce, inda ya tabbatar cewa haske ne ke shiga ido. Opto-ilaktironiks kuma reshe ne na fotoniks, wanda ya taƙaita ga na'urorin da ke juya lantarki haske ko haske lantarki, kamar tocila da faifan sola. A Hausa, "ilimin sarrafa haske" ya wadatar, kuma ɗalibin da ya riƙe ma'anar da harshensa ba zai ruɗe ba in ya gamu da ita a jarrabawa.

Malami na iya nuna wannan darasi ba tare da ɗakin gwaji ba. A ɗauki rimot na talabijin, a auna bakinsa ga kyamarar waya, a danna. Ido ba zai ga komai ba, amma a fuskar yawancin wayoyi za a ga ɗan haske yana ƙyaftawa. Daga nan sai a tambayi ɗalibai: wane ne ya samar da hasken, ta ina ya bi, kuma wane ne ya karɓe shi?