Fiya-fiya da zaƙami: guba biyu, ƙofa ɗaya

A unguwanninmu na zango da wuya ka shiga gida ka rasa kwalbar maganin ƙwari, wanda wasunmu ke kira fiya-fiya, an ajiye don sauro da kyankyaso da kuɗin-cizo. A bayan gari kuma zaƙami na tsirowa ba mai shuka shi. Ni malamin makaranta ne mai koyar da kimiyya, kuma abin da nake so in bayyana shi ne waɗannan abubuwa biyu ƙofa ɗaya suke taɓawa a jikin mutum. Ɗaya yana wangale ta, ɗaya yana garƙame ta.

Jijiyoyinmu suna aika saƙo ga zuciya da hanji da huhu da tsoka ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin. A 1921 wani masani, Otto Loewi, ya nuna da zukatan kwaɗi cewa sinadari ne ke ɗaukar saƙon jijiya zuwa zuciya, kuma a 1936 shi da Henry Dale suka samu kyautar Nobel kan wannan aiki. Ka ɗauki asetilkolin a matsayin ɗan mabuɗi, gaɓoɓin jiki kuma suna da kwaɗon da yake buɗewa. Kwaɗon iri biyu ne. Iri na farko yana zuciya da hanji da mafitsara da ido da wuraren da ke fitar da yawu da gumi. Iri na biyu, wanda nikotin ɗin taba ke taɓawa, shi ne ke sa tsoka motsi. Da zarar saƙo ya isa, wani sinadarin daban yakan farfasa asetilkolin nan take, don kada ƙofa ta zauna a buɗe.

To, wannan mai farfasawar shi fiya-fiya ke kashe wa aiki. Yawancin irin waɗannan magunguna, kamar diklorbos, ’yan gidan organofosfet ne. Idan suka shiga jiki ta baki ko numfashi ko fata, asetilkolin sai ya taru. Sai ka ga yawu na dalala, ga gumi, ga hawaye, ga amai da gudawa. Baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura, tsoka na rawa, bugun zuciya ya ragu. Abin da ya fi kisa shi ne majina da ke cika huhu, da gajiyar tsokar numfashi.

Zaƙami kuwa akasin haka yake yi. Yana ɗauke da atrofin da ’yan uwansa, waɗanda ke toshe kwaɗon farko, mabuɗi ya zo ya rasa wurin shiga. Wanda ya sha shi bakinsa zai bushe ƙarau, jiki ya yi zafi ba gumi, baƙin ido ya buɗe, zuciya na dukan uku-uku, fitsari ya ƙi fita, ya riƙa sambatu yana kame-kamen abin da babu. Sau da yawa sai a ce aljanu ne, a tsaya ruƙiyya kaɗai, alhali guba ce. Addu’a ba ta hana zuwa asibiti.

Abin da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne likitoci da waɗannan hanyoyin biyu suke warkarwa. Atrofin da aka auna shi ne babbar allurar ceton wanda fiya-fiya ya kama, a wasu lokuta a haɗa da firalidokzim. Buscopan da ake sha don murɗar ciki mai toshe ƙofar ne, haka ma ifiratirofiyum na masu asma. A ɗaya ɓangaren, filokafin na ɗigawa a ido yana rage hawan jinin ido, niyostigmin kuma yana dawo wa tsoka da ƙarfi bayan tiyata. Fisostigmin, wanda ke karya gubar zaƙami, daga wani wake na yankin Kalaba a Najeriya aka fara samo shi. Bambancin magani da guba yana ga awo. Saboda haka kada wani ya ce zai ba wanda ya sha fiya-fiya zaƙami. Babu mai sanin yawan sinadarin da ke cikin ’ya’yansa, sai a tara wa mutum guba biyu.

Idan abin ya faru, Allah ya kiyaye, kada a ɗura wa mutum manja ko madara, kada a tilasta masa amai, don yana iya shaƙa ya tafi huhu. A fitar da shi iska, a tuɓe kayan da maganin ya jiƙa, a wanke fatarsa da sabulu, mai wankewar ya kare hannunsa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti tare da kwalbar, don likita ya san abin da yake yaƙa.

Iyaye, don Allah a daina juye fiya-fiya a robar lemo ko ta ruwa, yaro bai san bambanci ba. A daina barbaɗa shi a wake da busasshen kifi. Wanda kuma ya lura ɗansa ko ƙaninsa na cikin ƙunci har yana maganar mutuwa, ya fitar da kwalbar daga gidan yau, ya zauna da shi, ya nema masa taimakon likita.