Layukan Gilashin Bayan Mota: Amfaninsu da Yadda Ake Gano Inda Suka Lalace

Duk wanda ya dubi gilashin baya na yawancin ƙananan motocin da ke zirga-zirga a birnin Maraɗi zai ga wasu siraran layuka masu launin ƙasa-ƙasa sun ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Mutane da yawa suna zaton ado ne, wasu kuma suna cewa don ƙara wa gilashin ƙarfi aka sa su. Gaskiyar magana ita ce, waɗannan layuka hanyoyin wutar lantarki ne. Aikinsu shi ne ɗumama gilashin domin ya bushe, direba ya ga abin da ke bayansa.

Da yawa daga cikin motocinmu an yi amfani da su a Turai kafin a shigo da su ta tashoshin jiragen ruwa irin su Kwatano da Lome. A can, layukan suna narkar da ƙanƙarar da ke daskarewa a kan gilashi lokacin hunturu. A nan ba mu da ƙanƙara irin wannan, amma muna da gumin gilashi, wanda shi ma yake rufe wa direba ido.

Me ke sa gilashi ya yi gumi?

Kowace mace ta san cewa idan ta buɗe tukunyar miya za ta tarar da ɗigon ruwa a cikin murfin. Tururi ne ya taɓa abu mai sanyi, sai ya koma ruwa. Haka yake faruwa a cikin mota. Numfashin fasinjoji da jiƙaƙƙun tufafinsu suna cika motar da tururi, ruwan sama kuma yana sanyaya gilashin daga waje, sai gilashin ya yi fari ta ciki.

An fi ganin haka da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman a watan Agusta. Ana kuma ganinsa da asubahin lokacin sanyi, a Disamba da Janairu, idan mota ta cika kuma an rufe tagogi. Direban da ya taso daga Jiratawa da sassafe cikin raɓar kwarin Gulbin Maraɗi, ko wanda ruwa ya tarar a kan hanyar ƙasa mai lamba 1 tsakanin Tibiri da Maraɗi, yana tafiya ne tare da ƴan kabu-kabu da amalanken shanu da manyan motoci. Idan ba ya ganin baya, ba zai san mai shirin wuce shi ba. Idan kuma zai ja da baya a tasha ko bakin kasuwa, ba zai ga yaron da ke tsaye a bayan motar ba.

Yaya na'urar take aiki?

Wuta tana tasowa daga batir mai ƙarfin bolt 12. Tana bi ta cikin fis, wanda wasu ke kira fuzibil, sannan ta bi ta wani ɗan akwati mai suna rile, wanda ke buɗe mata hanya idan direba ya danna maɓalli. Daga nan waya ta kai ta gefe ɗaya na gilashin. Wutar tana ratsa layukan, suna yin ɗumi, sai ta fita ta ɗaya gefen, inda wata waya ke mayar da ita jikin ƙarfen motar. Za mu kira ta farko wayar shiga, ta biyu kuma wayar fita.

Maɓallin yana gaban direba. Alamarsa ita ce zanen akwati mai kusurwa huɗu da kibiyoyi masu lanƙwasa a cikinsa. A motoci da yawa na'urar tana kashe kanta bayan minti 10 zuwa 15. Wannan ba lalacewa ba ne, don kada ta cinye wutar batir aka yi ta haka.

Matakan bincike

Ƙa'idar ita ce a fara da abu mai sauƙi da araha kafin a kai ga mai tsada. Akwai masu mota da suka canza gilashi gaba ɗaya, alhali fis ne kawai ya ƙone. A tayar da injin kafin a fara gwaji, domin na'urar tana jan wuta da yawa.

1. A danna maɓallin, a jira minti 3 zuwa 5, sannan a taɓa gilashin da bayan hannu. Idan da gumi a jikinsa, a lura da inda ya washe. Idan wasu wurare sun washe wasu ba su washe ba, wuta tana zuwa, layi ne ya katse, sai a wuce mataki na 5. Idan babu inda ya yi ɗumi, a bi matakan da ke tafe ɗaya bayan ɗaya.

2. A duba fis. A kashe injin, a buɗe akwatin fis, wanda galibi yake ƙarƙashin sitiyari ko kusa da injin. A cikin murfinsa akwai zane mai nuna aikin kowane fis. A zare wanda ke da alamar gilashin baya, a ɗaga shi wajen haske. Idan siririn ƙarfen da ke ciki ya tsinke, ya ƙone. A karanta lambar da ke kansa, a sayo mai lamba iri ɗaya. Launi ma yana taimakawa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, sai a kai motar wurin mai gyaran wutar mota.

3. A saurari rile. Idan an danna maɓallin, ya kamata a ji ɗan ƙara "ƙas" daga wajen akwatin fis. Idan ba a ji ba, ana iya aro wani rile mai lamba iri ɗaya daga cikin akwatin, a gwada, sannan a mayar da shi wurinsa.

4. A duba gefunan gilashin biyu. A kowane gefe akwai ɗan ƙarfe manne da gilashin, inda waya take shiga. Sau da yawa kaya ne ke fizge wayar, ko ƙarfen ya ɓalle, ko tsatsa ta kama shi. A nan ƙwan gwaji yake da amfani, wato ɗan ƙwan fitila mai waya biyu da masu gyaran wuta ke riƙewa. A maƙala waya ɗaya a jikin ƙarfen mota, a taɓa wayar shiga da ɗayar. Idan ƙwan bai kama ba, wutar ba ta iso ba, matsalar tana tsakanin fis da gilashi. Idan kuwa ya kama da haske sosai a ko'ina a jikin dukkan layukan, har ɗaya gefen, wayar fita ce ta rabu da ƙarfen motar.

5. A nemo layin da ya katse. A naɗe bakin wayar gwajin da takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin sigari, don kada ya karce layin. A bi layin a hankali daga gefen wayar shiga. Idan layin lafiya yake, hasken ƙwan zai riƙa raguwa kaɗan-kaɗan har ƙarshe. Idan ya katse, hasken zai tsaya da ƙarfinsa, sai ya mutu farat ɗaya. Inda ya mutu, nan ne katsewar. Mai na'urar awon wuta zai ga kusan bolt 6 a tsakiyar layi mai lafiya. Idan ya ga 12 ko 0, layin ya katse.

Mota mai rufin tamfol da mota mai ƙofar baya

Akwai motocin da rufinsu na tamfol ne, ana naɗe shi baya a bar sama a buɗe. Ba su da yawa a titunanmu, amma matsalarsu ta koyar da darasi mai amfani. Gilashinsu na baya yana jikin tamfol ɗin, saboda haka wayoyinsa suna lanƙwashewa duk lokacin da aka naɗe rufin ko aka ɗaga shi. Da daɗewa sai wayar ta karye a ciki, robar da ke kanta kuwa tana nan kamar ba abin da ya same ta. A bi wayar da yatsu a wurin lanƙwasar, a motsa ta a hankali ƙwan gwaji yana haɗe. Idan hasken yana zuwa yana ɗaukewa, an gano wurin. Wasu daga cikin waɗannan motoci suna da wani ɗan maɓalli a ɓoye da ke yanke wutar idan an naɗe rufin. Idan rufin bai rufu sosai ba, ko maɓallin ya lalace, na'urar ba za ta kama ba. Wasu kuma tagarsu ta baya roba ce mai haske, ba ta da layuka ko kaɗan.

Irin wannan karyewar waya tana samun motocin da ƙofarsu ta baya ake ɗagawa sama, irin waɗanda ake tasi da ɗaukar kaya da su. Wayoyinsu suna bi ta cikin wata baƙar roba a wurin da ƙofar ta haɗu da rufin. A janye robar a duba, domin ƙofar da ake buɗewa sau da yawa a yini tana gajiyar da waya.

Gyaran layin da ya katse

Ba a canza gilashi saboda layi ɗaya ko biyu. Akwai wani fenti na musamman mai ɗauke da garin azurfa, wanda wuta ke bi ta cikinsa. A tambayi masu sayar da kayan gyaran mota. A kashe na'urar, a goge wurin ya bushe, a manna salatif sama da ƙasan layin, a shafa fentin ya hau kan ɓangarori biyu masu lafiya. A bar shi kwana ɗaya kafin a kunna. Idan ƙarfen gefe ne ya ɓalle, a bar wa gwani, domin zafin dalma idan ya yi yawa yana iya tarwatsa gilashin.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada a ɗaure fis da waya ko takarda mai ƙyalli. Fis mai gadi ne, yana ƙonewa don ya ceci sauran wayoyin. Idan aka ɗaure shi, wayoyin ne za su yi zafi, mota tana iya kamawa da wuta.

Kada a kankare takardar manne ko baƙar ledar gilashi da reza ta ciki, domin layukan a saman gilashin suke.

Kada a jingina buhu, kwando, itace ko ƙarfe a jikin gilashin baya. Girgizar hanya tana sa su goge layukan.

A goge gilashin da tsumma mai laushi, a bi layukan a kwance, kada a ratsa su. Tagar roba kuwa a fara zuba mata ruwa, domin ƙurar hunturu tana karce ta idan aka goge ta a bushe.

Kafin a samu gyara

A sauke tagogi kaɗan iska ta shiga. Idan motar tana da na'urar sanyaya iska, a kunna ta, domin tana busar da iskar ciki. Idan duk da haka ba a ganin baya, a tsaya a gefen hanya, a goge gilashin, sannan a ci gaba. Lokacin da ya fi dacewa a gwada na'urar shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, domin a sami sukunin gyara tun ba a bukace ta ba.