Maki 50 a dare ɗaya: Yadda ake auna gwanintar matashin ɗan ƙwallon kwando

A ranar 13 ga Nuwamba, 2024, Victor Wembanyama, ɗan ƙasar Faransa da ke yi wa ƙungiyar San Antonio Spurs wasa a gasar NBA ta Amurka, ya ci maki 50 a karawarsu da Washington Wizards, yana da shekara 20 a duniya. Makonni biyu kafin nan, a wasansu da Oklahoma City Thunder, maki 6 kacal ya samu, kuma jifa ɗaya ce ta shiga kwando cikin biyar da ya yi. Masu bin gasar a Funtuwa, waɗanda galibi sai da safe suke ganin sakamako a waya saboda a tsakiyar darenmu ake wasannin, sun fi riƙe labarin maki 50. Masu horarwa kuwa dararen biyu suke haɗawa.

Abin da aka fara dubawa shi ne nawa ɗan wasa ya kashe kafin ya samu makin. Manomin masara a yankin Funtuwa da Malumfashi ya san wannan lissafi ba tare da an koya masa ba: wanda ya kawo buhu 50 daga hekta goma bai kai wanda ya kawo buhu 30 daga hekta uku iya noma ba, ko da yake rumbunsa ya fi cika. A ƙwallon kwando, jifa ita ce hektar. Kowace jifa da ta kuskure dama ce da ƙungiya ta rasa.

A kakarsa ta farko, 2023/24, Wembanyama ya yi wasa 71, yana cin maki 21.4 a kowane wasa idan aka raba daidai. Jifansa kashi 46.5 cikin ɗari ne suka shiga. Sai dai wannan adadi yana ɓoye wani abu, domin jifar nesa maki uku take bayarwa, ta kusa maki biyu. A jifar nesa kashi 32.5 ya ci, wato jifa ɗari za su ba shi maki kusan 98. A ta kusa ya ci sama da kashi 53, wato maki kusan 107. Ke nan a waccan shekara, jifar nesa da 'yan kallo suka fi yi wa shewa ita ce hajar da ta fi ƙarancin riba a shagonsa.

Saboda haka ne masana suka fito da ma'aunin da ke haɗa jifar kusa da ta nesa da jifar kyauta, wadda ake bayarwa idan an yi wa ɗan wasa ƙeta. A wannan ma'auni ya tsaya a kashi 56.5, alhali matsakaicin gasar a shekarar kashi 58 ne. Duk da zuzuta shi da aka yi, ta fuskar tsimin jifa bai kai tsaka-tsakin ɗan wasa ba.

Wannan ba ya nufin an yi kuskuren ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, wadda duk masu zaɓe suka amince da ita. Spurs ta ci wasa 22 ne kawai cikin 82, ba ta da isassun masu tura masa ƙwallo inda ya dace, don haka jifan da suka fi wuya a kansa suka riƙa faɗawa. Ga kuma tsaron gida, wanda lissafin maki ba ya gani: yana kaɗe jifan abokan hamayya sau 3.6 a kowane wasa, fiye da kowa a gasar. A kaka ta biyu makinsa ya hau zuwa 24.3, jifar nesa kuma ta kai kashi 35.2, duk da cewa ya ƙara yawanta zuwa kusan tara a wasa. Ga matashi, inda lissafin ya dosa ya fi inda ya tsaya muhimmanci.

Ɗorewa kuma wani babi ne daban. Wanda ya ci 50 yau ya ci 6 gobe, da wanda ya ci 28 a ranakun biyu, matsakaicinsu ɗaya, amma mai horarwa ya san wanda zai iya gina shiri a kansa. Shi ya sa ake ƙirga yawan wasannin da ɗan wasa ya faɗi ƙasa da abin da aka saba gani gare shi, da kuma abin da yake yi a daren da hannunsa ya ƙi: ko yana tura wa wasu, ko yana ci gaba da ɓarnar jifa. Lafiyar jiki ma tana cikin lissafin. A watan Fabrairun 2025 likitoci suka gano gudan jini a kafaɗarsa ta dama, kakar ta ƙare masa a wasa 46. Dokar NBA ta ce sai an yi wasa 65 kafin a shiga takarar manyan kyaututtuka, ta haka kyautar gwarzon tsaron gida, wadda ake ganin tasa ce, ta suɓuce masa.

Lissafin ba na Amurka kaɗai ba ne. Zariya, maƙwabciyar Funtuwa, ita ce ta reni Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, kuma Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin gasar ƙasa. Matsalar filayenmu ita ce takardar alƙalan tebur maki da laifuffuka take rubutawa, ba ta rubuta jifar da ta kuskure. Yaron da ya yi jifa 30 ya ci maki 20 shi zai fita a takarda a matsayin gwarzo, a manta da wanda ya ci 14 da jifa tara. Gyaran bai wuce a zaunar da mutum ɗaya da biro da littafi a gefen fili ba, yana sa alama a kan kowace jifa, wadda ta shiga da wadda ta kuskure, har zuwa ƙarshen kaka.