Tasawa da Mayahi: Abin da ke sa ɗora Windows ya tsaya a hanya, da yadda za a tsira da takardu

Tun ranar 14 ga watan Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 sabbin matakan tsaro na kyauta, masu kwamfutar tafi-da-gidanka ke neman komawa Windows 11. A gundumomin Tasawa da Mayahi da ke jihar Maraɗi, inda kwamfutoci da dama 'yan gwanjo ne da suka kwana biyu a hannun wasu, wannan sauyi ba ya zuwa da sauƙi. Sau da yawa aikin yakan yi nisa sai ya cije, ko na'urar ta yi ta mutuwa tana tashi, ko allo ya yi baƙi.

Abin da ke cikin na'urar kuwa yakan fi ta daraja: makin ɗalibai da malami ya tara, kundin kammala karatun ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ya zo hutu gida, ko lissafin bashin ɗan kasuwa. Tsayawar aikin ba kasafai take nufin kwamfuta ta mutu ba. Babbar asara takan zo ne daga gaggawar goge komai don a sake daga farko.

A fara ceto takardu

Idan ɗora manhaja ya tsaya, takardu galibi suna nan a kan faifan ajiya, matuƙar ba a share ɓangarorinsa ba. Mai gyara zai iya tayar da kwamfutar da filas, wanda a nan aka fi sani da kile, mai ɗauke da manhajar Ubuntu ko Linux Mint, ba tare da ya ɗora ta ba, ya kwashe takardun zuwa wata ma'ajiya. Zai kuma iya cire faifan ya jona shi da wata kwamfuta.

Inda ake samun cikas shi ne idan faifan yana kulle da tsarin BitLocker. A nan sai an nemo lambobin buɗewa guda 48, waɗanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. Don haka kafin mai gyara ya taɓa komai, ya kamata mai kaya ya tambaye shi ko ya kwafe takardun, ya kuma gan su da idonsa.

Wuta da zafi

Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana samun lantarki daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Jama'a ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Ko a lokacin da babu rikici, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, kuma batirin tsohuwar kwamfuta ba ya riƙe caji. Wuta na ɗaukewa ana tsakar kwafar fayiloli, aikin ya lalace.

Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da zafin Afrilu da Mayu da kan haura maki 40. Ɗora manhaja aiki ne da ke gajiyar da na'ura, in ta yi zafi sai ta kashe kanta. Shi ya sa ya fi kyau a busa fankar, a yi aikin da sassafe ko da dare, a kuma tanadi batirin sola ko janareta.

Laifin kile

Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5. Sauke shi da datar waya a inda intanet ke yankewa yakan bar shi da giɓi, kuma ba za a gane ba sai aiki ya yi nisa. Akwai kuma kile na jabu da ke nuna girman da ba shi da shi. Ana bukatar mai gigabait 8 aƙalla, kuma mai kyau.

Wani tarkon shi ne tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, alhali babban fayil ɗin da ke cikin Windows ya wuce haka. Kwafe shi kai tsaye ba ya yi. Manhajar Rufus, wadda kyauta ce, tana shirya kilen yadda ya dace. Idan aiki ya ci gaba da tsayawa a wuri guda, a gwada wani kile da wata kafar USB kafin a zargi kwamfutar.

Saitin ciki

Wani lokaci saƙo yakan fito, galibi da Faransanci, cewa ba za a iya ɗora Windows a wannan faifai ba. Dalili shi ne rashin jituwa tsakanin tsarin faifai da yadda na'urar ke tashi: tsarin GPT yana tafiya da UEFI, tsohon tsarin MBR kuma da Legacy. Ana gyara wannan a cikin BIOS, inda ake shiga da maɓallin F2 a Dell, ko F10 a HP, da zarar an kunna. A yi hattara, domin juya faifai daga wannan tsari zuwa wancan da umarnin gogewa yana share duk abin da ke kansa.

Idan kuma faifan bai bayyana ba sam, a sababbin kwamfutoci masu Intel zubi na 11 zuwa sama, yawanci direban Intel RST ne babu, ba faifan ne ya mutu ba. Amma tsohon faifai da ke ƙara ƙas-ƙas yana gab da mutuwa, kuma musanya shi da SSD ya fi arha a kan sayen wata kwamfutar.

Ba kowace na'ura ce za ta ɗauka ba

Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana bukatar RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da Intel zubi na 8 ko wanda ya fi shi. Kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 galibi ba su cika sharuɗɗan ba. Ana iya tsallake binciken, amma Microsoft ya ce bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan na'urori ba. Masu son zama kan Windows 10 suna da shirin ƙarin tsaro na ESU, wanda wa'adinsa ga ɗaiɗaikun mutane shi ne 13 ga Oktoban 2026. Linux Mint kuwa kyauta ce, kuma tana tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci.

Kafin mutum ya biya kuɗin mota zuwa Maraɗi, ko ya aika da na'urarsa titin Beirut a Kano, ya dace ya bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya: takardu, wuta, kile, saitin BIOS, sannan faifai. Wanda kuma zai sayi ta gwanjo, ya duba zubin Intel ɗinta da lafiyar batirinta tun a gaban mai sayarwa.