Motar Tafi-Da-Gidanka: Sayenta Daban, Shigar Da Ita Gida Daban

Bahaushe ya daɗe da kalmar nan tafi-da-gidanka. Da ita yake kiran kotun da ke zagayawa tana yanke hukunci nan take, da ita kuma ya kira wayar hannu lokacin da ta fara shigowa ƙasar nan. Amma inda sunan ya zauna daram shi ne a ƙasar Amurka, inda ake ƙera wata irin mota wadda a cikinta akwai ɗakin kwana, da falo, da madafa, da makewayi har da wurin wanka. Magidanci ya ɗebi iyalinsa su yi ta yawon buɗe ido makonni, duk inda rana ta faɗi nan ne masaukinsu. Da yawa daga cikin masu sayenta tsofaffi ne waɗanda suka ajiye aiki, suka zuba abin da suka tara a ciki.

Sana'ar ƙera waɗannan motoci babba ce. Kamfanin Winnebago ya fitar da tasa ta farko a garin Forest City na jihar Ayowa a cikin shekarar 1966, har ya kai ga mutane da dama suna kiran duk wata mota irin wannan da sunansa. Cibiyar sana'ar kuwa ita ce garin Elkhart na jihar Indiyana da kewayensa. A cikin shekarar 2021 kaɗai, masana'antu sun fitar da sama da guda 600,000, idan aka haɗa masu inji da waɗanda ake ja da wata mota. Manyan cikinsu, masu shan man dizal, kuɗinsu yakan kai dala dubu ɗari da yawa, watau ya yi kafaɗa da kuɗin gidan kansa.

To, ranar da mai ita ya taho da ita gida, ranar ce yake gane abin da dillali bai tsaya faɗa masa ba. Babbar tafi-da-gidanka takan kai ƙafa 45 a tsawo, watau kusan mita 14, daidai da doguwar bas mai tafiya gari zuwa gari. Faɗinta ƙafa takwas da rabi, ban da madubai. Tsayinta ya kan wuce ƙafa 13 idan aka lissafa na'urorin sanyaya ɗaki da ke bisa rufinta. Hanyar shiga gida kuwa, wadda ta taso daga titi zuwa gareji, an yi ta ne domin ƙaramar mota, faɗinta daga ƙafa tara zuwa 12, ƙofar garejin kuma galibi ƙafa bakwai ce tsayinta. Barin motar a kan titi ba mafita ba ce. A birnin Los Anjalis, alal misali, doka ba ta yarda a bar mota wuri ɗaya a kan titi fiye da awa 72 ba, kuma unguwanni da yawa suna da ƙungiyoyin masu gidaje waɗanda suka hana a girke irin wannan mota a gaban gida. Wanda bai yi tanadi ba sai ya koma biyan kuɗin ajiya wata-wata a wani fili can bayan gari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki awo a gwada motar tana tsaye, a ce tunda faɗinta ƙafa takwas da rabi ne, hanya mai ƙafa goma ta ishe ta. Haka ne idan da motar za ta zo miƙe ta shiga miƙe. Amma gida a gefen titi yake, dole sai an karya kwana, mota mai shan kwana kuwa tana cin filin da ya fi faɗinta nesa ba kusa ba. Dalili shi ne tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sai dai su yanke ta ciki. Duk direban tirela ya san haka, shi ya sa yake buɗewa waje kafin ya karya, masu ƙananan motoci suna yi masa ham saboda sun ɗauka rashin hankali ne.

Injiniyoyi sun daɗe da auna wannan. Ƙungiyar shugabannin hukumomin hanyoyi na jihohin Amurka, wadda ake kira AASHTO a taƙaice, tana da wani littafi da masu tsara hanya ke kira Koren Littafi. A ciki an ɗauki tafi-da-gidanka matsakaiciya, mai tsawon ƙafa 30 da faɗin ƙafa takwas, an nuna cewa idan aka karya sitiyari iyakar karyawa, tayar gaba ta waje za ta zana da'ira mai nisan wajen ƙafa 40 daga tsakiya, tayar baya ta ciki kuma wajen ƙafa 26. Mai karatu ya cire wannan daga wancan, zai ga motar mai ƙafa takwas ta share fili mai faɗin ƙafa 14. Idan kuwa juyawa za ta yi gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito, tana bukatar fili mai faɗin ƙafa 80 ko fiye. Ƙaramar mota, a lissafin littafin, ƙafa 24 ta ishe ta daga tsakiya. Wannan fa duk lissafin matsakaiciya ne. Gwargwadon nisan da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, gwargwadon yankewar: idan nisan ya kai ƙafa 25, tayar gaba kuma tana bin da'ira mai ƙafa 50, ta baya za ta bi ta kan ƙafa 43, watau ta shigo ciki da kusan ƙafa bakwai. Duk abin da ke cikin waɗannan ƙafa bakwai, ko akwatin wasiƙu ne, ko shukar furanni, ko ginshiƙin ƙofa, ya zama abin takawa.

Akwai kuma abin da gindin motar yake yi, wanda ya fi yaudarar sabon direba domin a bayansa yake faruwa. Jikin motar yakan zarce tayoyin baya da ƙafa goma ko fiye. Da an karya dama, wannan jelar sai ta ɗebi hagu, ta fita daga layin motar da ƙafa biyu ko uku. Direba idonsa yana kan ginshiƙin dama kada ya goga, ashe gindin ya riga ya ɗauki shingen maƙwabci ta hagu. Saboda waɗannan dalilai biyu, bakin hanyar ya fi sauran jikinta muhimmanci. Jikin hanyar idan miƙaƙƙe ne ƙafa 12 zai yi, 14 ya fi kwanciyar hankali, amma bakin dole a buɗe shi kamar bakin mazurari, ya kai ƙafa 20 ko ma fiye idan titin gaban gidan siriri ne ko maƙwabta suna ajiye motoci a ɗaya gefen. Sai dai wannan baki ba na mai gida ba ne shi kaɗai; a yawancin garuruwa yana cikin filin hukuma, ba a fasa dakalin gefen titi sai da takardar izini.

Hanyar da ta fi kowane lissafi sauƙi ita ce a kai motar wani fili babu kowa, a kafa turaku da igiya daidai da faɗin titin gida da wurin ƙofa, a yi ta shiga da fita, gaba da ribas, ana zuba farar ƙasa a inda tayoyi suka taka da inda gindin ya share. Abin da ya fito a ƙasa shi za a ba magini, a ƙara masa ƙafa ɗaya ko biyu kowane gefe, domin ba kullum ake dawowa da rana ba, ba kuma kullum direba yake da natsuwa ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kankare kuwa idan ya bushe ba ya karɓar gyara sai da guduma.

Sai maganar sama, wadda ita ce mai haɗarin rai. Ƙa'idar aikin lantarki ta ƙasar Amurka ta yarda wayar da ta taso daga falwaya zuwa gida ta ratsa saman hanyar shiga gida a tsayin ƙafa 12 kacal, alhali a kan titin gwamnati ƙafa 18 ta ce. Ke nan wayar da ke kan doka tana iya zama ƙasa da rufin motar da ke kan doka. Mai gida ba shi da ikon ɗaga ta da kansa, kamfanin lantarki ake kira. Haka rassan itatuwa da bakin kwanon rufi. Masu gina gareji domin irin wannan mota sukan yi ƙofar ƙafa 14 a tsayi, wannan awon kuwa shi ya kamata a riƙe tun daga titi har inda motar za ta tsaya.

Gangare ma yana da tasa matsalar. Gidaje da yawa suna kan tudu, titi yana ƙasa. Lokacin da tayoyin gaba suka hau, gindin nan mai tsawo sai ya sunkuya ya kartu da kwalta, ya lalata bamba ko ƙarfen jan tirela. Idan kuma hanyar ta hau ta sauka, cikin motar ne zai zauna a kan ƙololuwar. Maganin shi ne kada hawan ya fara farat ɗaya, a shimfiɗa shi sannu a hankali. Wurin tsayawa kuwa ana so ya kusan zama bai ɗaya, da ɗan karkata kaɗan, kamar kwatan inci a kowace ƙafa, domin ruwa ya wuce. Wani irin firji da ake sa wa waɗannan motoci, mai aiki da iskar gas, yakan lalace idan aka bar shi a kunne motar tana karkace.

Wurin tsayawar ya fi hanyar faɗi. Tun daga shekarun 1990 ake yi wa motocin ɗakuna masu zamowa waje idan an tsaya, kamar aljihun tebur, kowane gefe ƙafa biyu zuwa uku. Idan aka buɗe duka, motar ta tasar ma ƙafa 14, ga kuma wurin da mutum zai bi ya buɗe ma'ajiyun kaya na ƙasa. Ƙafa 18 ba ta yi yawa ba.

Abin da ba a gani da ido shi ne nauyi. Ƙaramar mota ba ta cika wuce tan biyu ba, babbar tafi-da-gidanka kuwa takan kai tan 15 zuwa 20, mafi yawansa a kan tayoyin baya. Daɓen kankare na hanyar gida inci huɗu ake yi masa. Domin wannan mota sai an kai shi inci shida, da rodi a ciki, a kan tsakuwa da aka danne sosai. Inci biyu kamar ba komai ba, amma a lissafi ƙarfin daɓen ya ninka har da ɗori. Idan an zuba, sai a haƙura, domin kwana 28 ake ƙirga wa kankare kafin a ɗora masa cikakken nauyi. Kwalta ta fi araha, amma da zafi takan yi laushi, ƙafafun jak da motar ke kafawa domin ta daidaita su huda ta. Kafin a soma haƙa ana buga lamba 811, wadda aka keɓe a duk ƙasar, sai a turo masu nuna inda bututun gas da na ruwa da wayoyi suka bi. Gidajen karkara kuma a kiyayi ramin sokawe, domin murfinsa ba a yi shi don ɗaukar tan ashirin ba.

A ƙasar nan ba kasafai ake ganin irin wannan mota ba, amma lissafin ba baƙo ba ne ga mai gingimari ko bas da ke son motarsa ta kwana a gida, har ma ga wanda ba shi da ko ɗaya. Tifar yashi, da tankar ruwa, da motar kwashe masai duk sukan zo ƙofar gida, kuma sau da yawa ɗan kwalbatin da aka ɗora kan lambatu domin ƙaramar mota shi ke fara burmawa. Ita ma motar kashe gobara babba ce. Ƙa'idar kiyaye gobara da jihohin Amurka da yawa ke bi ta ce hanyar da aka tanada dominta kada ta gaza ƙafa 20 a faɗi, sama kuma a bar mata ƙafa 13 da rabi babu waya babu reshe. Mai sabon fili da ke shirin ja katanga yana iya ɗaukar igiya ya auna layinsu da wurin da ya yi niyyar sa ƙofa, tun bulo bai iso ba.