Wai A Nijar Ba Abin Kallo Sai Rairayi?

Na gaji da wata magana. Da zarar an turo hoton Zanzibar ko tsibiran Kap-Ber a WhatsApp, ga bakin teku, ga duwatsu, ga tsofaffin garuruwa, sai ka ji matasan Filinge da Damana suna cewa: "Kai, mu dai Allah bai ba mu abin kallo ba, daga rairayi sai ƙaya." Dattawa kuma su ɗora da cewa yawon buɗe ido aikin Nasara ne da marasa abin yi. Yawon buɗe ido dai fita ce don ganin wuri da sanin mutanensa, shi ke nan. Maganar matasan ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Mai cewa ba mu da tsibiri, ya taɓa zuwa Bubon? Daga Yamai tafiya ce ƙanƙanuwa a kan hanyar Tilaberi. Ranar Laraba kasuwa ke ci, mata na jera tuluna da randunan da suka gina da hannu, ga tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, ɗan kwale-kwale zai kai ka. Can sama akwai Ayoru, wadda tsohon garinta a kan tsibiri yake, dorinai na shawagi a gefensa. Can ƙasa wajen Gaya ga Lete, tsibirin da Nijar da Benin suka yi shekaru suna jayayya a kansa, har Kotun Duniya ta Heg ta ba Nijar shi a 2005. Ƙasa ta je shari'a a Turai saboda tsibiri, amma ɗanta na rantsuwa wai ba ta da ko ɗaya!

Mu dawo gida. Kwarin da muke shuka rogo da dankali a cikinsa, Dallol Boso, hanyar wani tsohon kogi ce da ya taso daga Azawak ya gangara har Kwara. Shi ya sa rijiya ba ta da zurfi a kwarin, shi ya sa goruba da gawo suka samu wurin zama. Ka hau ɗaya daga cikin jajayen duwatsun da suka yi wa kwarin katanga bayan la'asar, da kaka, ka dubi ƙasa: tabkunan damina ba su gama ƙafewa ba, shanu na gangarowa shan ruwa, rumbuna sun cika. Kullum muna wucewa ta ƙarƙashin duwatsun nan da amalanke, ko ɗaga kai ba mu yi.

Raƙuman dawa fa? Irin na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai suka rage a daji. A 1996 ba su kai 50 ba. Da aka tsaya tsayin daka wajen kare su, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun dajin Gadabeji. Da damina suna hawa tudun Kure, da rani su sauko dallol cin ganyen gawo. Mutane sun biya kuɗin jirgi daga Faransa da Japan don ganinsu, mu kuma da ke maƙwabtaka da su muna cewa ba abin kallo. Ga shanun Azawak a gidan kiwo na Tukunus, arewa da Filinge, ga kasuwar dabbobi ta Balayara ranar Lahadi, wadda fatake daga nesa ke ci.

Talauci da lalacewar hanya na hana mutane fita, wannan gaskiya ne.

Sai maganar tsaro, kuma ba ta wasa ba ce. A ranar 9 ga Agusta 2020 an kashe mutum 8 a dajin Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2. Sassa da dama na jihar Tilaberi na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an sha hana hawan babur, kuma wajen Ayoru da gandun dajin W ba wuraren shaƙatawa ba ne a halin yanzu. Don haka kafin ka ɗaura niyya, tambayi direbobin tasha, tambayi jandarma, kira ɗan'uwan da ke zaune a garin. In an ce kada ka je, ka haƙura ka tsaya kusa. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ma ya isa wuni guda da yara.

In hanya ta yi kyau, ka fita tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Lokacin sanyi ne, kuma kogi a cike yake da ruwan da ya taho daga Gini. Afrilu da Mayu kuwa zafi zai hana ka ganin komai. Ku haɗu ku biyar ko shida ku yi karo-karo, ku tashi da sassafe, ku tabbata kun sauka kafin magariba. Katin ɗan ƙasa a aljihu, jarkar ruwa, gidan sauro in da kwana. In ka shiga ƙauye ka fara gaida maigari, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki matar mutane hoto a bakin rijiya ba tare da izini ba. Wannan rashin tarbiyya ne, ko a garinku ba ka yarda a yi wa ƙanwarka ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wautar da ake yi a kan ruwa. A cika kwale-kwale maƙil, har da babur da buhuna, sannan wani ya miƙe tsaye a tsakiya wai zai ɗauki kansa hoto. Wani kuma ya matsa wa mai tuƙi ya kai shi dab da dorina. Dorina mai ɗa tana kifar da jirgi cikin ƙiftawar ido, kuma yawancinmu 'yan tudu ko iyo ba mu iya ba. Ka zauna inda mai jirgi ya ce, ka nemi rigar ruwa in akwai, in ka ga lodi ya yi yawa ka sauka ka jira sawu na gaba. Ku yi cinikin zuwa da dawowa tun a gaɓa, kafin ka sa ƙafa a ciki.